Yadda Ake Nemo Gajerun Labarai da Tatsuniyoyin Ban Tsoro a Intanet Kafin Sanyi Ya Kama

A Garwa ta Kamaru, da zarar Disamba ya kama, hazo ya sauko kan kogin Binuwai har mutum ba ya hango wancan ƙetaren daga kan gada, to dare ya ƙara tsawo ke nan. Ana idar da lisha yara su kewaye murhu, kowa ya ja zane ya rufe ƙafafu. A gidanmu na Hausare wannan lokaci na Goggo ne, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ita ce mai "ga ta nan, ga ta nanku", mu ne masu "ta zo mu ji ta". Da ta rasu sai aikin ya faɗo kaina, ni kuwa tatsuniya shida kacal na riƙe daga bakinta. Cikin mako guda 'ya'yana da na yayana suka haddace su, har wani dare ƙaramar cikinsu ta ce, "Baffa, wannan ai ta jiya ce, Dodo zai fashe a ƙarshe." Maganar ta tsaya mini a rai, domin na ga rumbun da tsohuwa ta yi shekara saba'in tana cikawa yana neman ƙarewa a hannuna.

Shi ya sa na koma ga waya, kuma wannan ne sanyi na uku da nake haka. Akwai labarai masu kyau a intanet, da Hausa da Faransanci da Larabci, sai dai suna binne cikin juji. Wanda ya miƙa wa yaro waya ya ce ya nemo da kansa, jujin yaron zai fara tonowa. Babba ne zai shiga da rana, ya zaɓa, ya tace, ya sauke, sannan da dare ya kawo wa iyali da bakinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin nan na Oktoba da Nuwamba ne.

Ka san masu sauraronka tukuna

Kafin ka taɓa waya, ka zauna ka lissafa waɗanda za su kewaye wutar. Tsoron da ɗan shekara shida zai iya ɗauka daban, na ɗan shekara sha huɗu daban. Ƙananan yara tatsuniya ce tasu: Gizo da Ƙoƙi, Kura da Dila, yarinyar da ta ƙi kowane miji ta auri Dodo, Dodon da ke tsare rijiya. Akwai tsoro a ciki, amma tsoro ne mai ƙofar fita, domin kowa ya san za a rufe da "ƙurunƙus kan kusu". Matasa kuwa suna son labarin fatalwa, da aljanin gindin tsamiya, da matafiyin da dare ya riska a garin da bai sani ba. Manya, bayan yara sun kwanta, su ne masu gajeren labari na zamani, wanda wani lokaci ba aljani ko ɗaya a cikinsa, halin ɗan Adam kawai ya isa ya tayar da tsigar jiki.

Ka kuma raba tsoro da ƙazanta. Labarin da ya sa ka waiwaya bayanka yana da gwaninta. Wanda ya cika da yanka da jini da tsiraici ba tsoro yake bayarwa ba, ƙyama yake bayarwa, kuma shi ya fi yawa a intanet.

Gyara wayar

Yawancin wayoyinmu a nan da Faransanci suke, kuma allon rubutunsu yana "gyara" Hausa yadda ya ga dama. Ka rubuta kalma ya mayar da ita wata kalmar Faransanci, bincike ya ɓace. Idan Gboard kake amfani da shi, shiga Paramètres, sai Langues, sai Ajouter un clavier, ka zaɓi Haoussa. Daga nan za ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Ka kashe Correction automatique. Sannan ka shiga WhatsApp, wajen Stockage et données, ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin ranar da ka shiga zauren masu labarai, forfenka na mako, wato datar da ka saya, zai iya ƙarewa kafin azahar. Ka sauke manhajar karatu guda ɗaya wadda ke buɗe PDF da EPUB ba tare da rezo ba, wato ko babu intanet. Ni ReadEra nake amfani da ita. Ka buɗe jaka ɗaya a katin ajiya ka sa mata suna, duk abin da ka samo can zai shiga.

Kalmomin nema

A nan mutane da yawa suke gajiya. Sun rubuta kalma ɗaya, ba su ga komai ba, sun ce babu. Hausar intanet ba ta da rubutu ɗaya. Wani ya rubuta "ɗan", wani "dan", wani "d'an". Saboda haka kowace kalma ka gwada ta sau biyu, da ƙugiya da babu ƙugiya. Ka gwada "tatsuniya" da "tatsuniyoyi", "labarin aljanu", "labarin fatalwa", "labari mai ban tsoro", "gajeren labari", "almara". Marubutan yanzu sukan haɗa da Ingilishi wajen sa wa littafi alama, don haka "Hausa novel" da "complete" suna buɗe ƙofofin da Hausa zalla ba ta buɗewa. Ta biyun tana nufin labarin ya kammala.

Dabaru uku na Google sun rage mini wahala. Idan ka tuna jimla ɗaya daga wata tatsuniya, ko baiti ɗaya na waƙar da ke cikinta, ka sa ta tsakanin alamomin zance, zai nemo ta daidai yadda ka rubuta. Idan littafi kake so ba shafi ba, ka ƙara filetype:pdf a ƙarshe. Idan wuri guda kake so ya bincika, ka fara da site: sai sunan wurin, misali site:archive.org tatsuniyoyi. Ta hanyar farko na samo cikon wata tatsuniyar Goggo da na manta tsakiyarta, ta yarinyar da kishiyar uwa ta aika wanki a kogi mai nisa. Waƙar kawai na riƙe, ita ta kai ni.

Tsohuwar zuma

Wurin da na fi daɗewa, kuma inda nake so ka fara, shi ne Internet Archive, wato archive.org. Taska ce ta kyauta, ba ta neman ko dala, kuma a cikinta akwai littattafan Hausa da aka buga fiye da shekara ɗari da suka wuce. A farkon mulkin Turawa wasu jami'ai sun sa malamai sun rubuta musu tatsuniyoyi da labarai da ajami, suka juya su zuwa boko suka buga. Niyyarsu koyon harshe don mulki, amma abin da ya rage mana shi ne muryar kakanninmu a takarda.

Sunaye uku za ka rubuta. Na farko Frank Edgar, wanda ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Ka lura "litafi" da t ɗaya aka buga shi, haka za ka neme shi. Na biyu R. S. Rattray, mai Hausa Folk-lore na 1913, juzu'i biyu, wanda wani malami mai suna Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Wannan na biyun yana da wata daraja ta daban, domin an buga rubutun ajamin malamin da kansa, ga boko a gefe. Duk wanda ya yi makarantar allo zai iya bin sa, kuma na ga dattijon da bai taɓa karanta boko ba ya karɓi wayar ya yi ta karantawa yana murmushi. Na uku J. F. Schön, ɗan mishan da ya riga su, mai Magana Hausa na 1885, inda akwai tatsuniyoyi da labarin Dorugu, yaron da ya yi zaman bauta a Barno ya kuma bi Bature Barth har Turai.

Idan ka buɗe shafin littafi, ka sauka ƙasa inda aka jera nau'o'in saukewa. Ka ɗauki PDF. Kada ka ɗauki EPUB ko rubutu zalla a waɗannan tsofaffin, domin na'ura ce ta karanto su daga hoto, kuma ta dagula Hausar har ba ta karantuwa. Idan akwai PDF na baƙi da fari, shi ya fi sauƙin nauyi.

Sai haƙuri da rubutun. Babu ƙugiya irin tamu ta yau, "ch" ake sawa inda muke sa "c", ana ninka baƙaƙe inda ba ma ninkawa, ana haɗe kalmomin da muke rabawa. Maganinsa ka karanta da ƙarfi. Abin da ido ya kasa ganewa kunne zai gane. Shafi goma na farko ne masu wuya. Kuma kada ka ɗauka don tsoho ne komai nasa na yara ne. Malaman nan ba su ɓoye komai ba, akwai labaran da sai manya. Ka karanta kowane ɗaya har ƙarshe kafin ka sa shi a jerinka.

Ga ƙananan yara ƙwarai, akwai African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library. Duk ukun kyauta ne, ka zaɓi Hausa a jerin harsuna, ka sauke littattafai masu hotuna. Ba su cika ban tsoro ba, amma suna da amfani a buɗe dare da su.

Marubuta masu rai

Gajeren labarin da aka tace, aka auna, na fi samunsa a gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta. Alƙalai ne ke zaɓa, ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo, ana kuma ajiye su a shafin. Ka rubuta "Hikayata" tare da shekara, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Gajeru ne, ana gama ɗaya kafin shayi ya huce, kuma sun fi dacewa da zaman manya.

Sauran kuwa kasuwa ce babba: Wattpad, ArewaBooks, zaurukan WhatsApp da Telegram, da tashoshin YouTube masu karanta littafi. A nan akwai gwanaye na gaske, mata da maza da suka san yadda ake riƙe numfashin mai karatu, akwai kuma masu cika shafi kawai. Ga yadda nake gwadawa. Ina karanta shafin farko. Idan shafi ya ƙare ana ta sifanta mota da gida da hasken fatar yarinya ba a shiga magana ba, na wuce. Sai in tsallaka babin ƙarshe in ga ko akwai shi, da ranar da aka sa shi. Labarin da aka bari shekara biyu ba ci gaba, ba za a ƙarasa shi ba, kuma ba abin da ya fi ciwo kamar ka kai yara bakin kogon Dodo ka ce musu sauran babu. Daga nan in duba abin da masu karatu suka rubuta a ƙasa. Ba yabon nake nema ba, ƙorafin nake nema. Idan mutum uku sun ce akwai batsa a tsakiya, akwai ta.

Maganar biya. Da yawan marubutan nan sukan saki babi goma kyauta, sauran sai an biya, kuma haƙƙinsu ne. Mace ta raba dare tana rubutu da babban yatsa a waya, bayan ta gama girki da reno, bai kamata a kwashe guminta a watsa a zaure ba da izininta. Matsalarmu a nan ita ce su naira suke karɓa ta asusun banki, mu kuwa sefa muke riƙe da ita a Orange Money ko MoMo, na Njamena kuma a Airtel ko Moov. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce ɗan canjin da na sani ido da ido a kasuwa, mai hulɗa da Yola da Mubi. In ba shi sefa, ya tura naira, ya turo mini shaidar biya, in aika wa marubuciyar. Lambar da za ka biya ka ɗauko ta daga shafin marubucin kansa, ba daga bakin wani da ya ce shi wakili ne ba. Da zarar an ba ka littafin, ka sauke shi cikin wayarka idan an yarda da haka. OkadaBooks ta yi shekaru tana sayar da littattafai, har da na Hausa masu yawa, ta rufe a ƙarshen 2023. Abin da ke kan katinka shi ne a hannunka.

A YouTube ka saurari minti biyu kafin ka yanke. Yanzu an cika sa muryar na'ura, ita kuwa ba ta san karin sautin Hausa ba. Ba ta bambance kukan yaro da kukar bakin gari, ko garin tuwo da garin sarki. A labarin aljanu, inda kuka ke fitowa a kowane shafi, wannan kaɗai ya isa ya kashe labari. Ka nemi mai karatu da ke numfashi, mai sassauta murya inda ya kamata.

Ribar da muke da ita: Faransanci da Larabci

Bahaushen Garwa ko Marwa ko Ngaundere ko Kusiri yana da mabuɗin da ɗan'uwansa na Kano ba shi da shi. Yaranmu da Faransanci suke karatu, na Cadi kuma ga Larabci a kai. Wannan ya buɗe mana taskoki biyu manya.

Ƙa'idar ita ce, a Faransa da ƙasashe da yawa, idan marubuci ya cika shekara 70 da mutuwa, littattafansa sun zama na kowa. Shi ya sa za ka same su kyauta kuma halal a Wikisource, da Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa, da Project Gutenberg. Masu son saurare su nemi Littérature audio da LibriVox, inda 'yan sa kai ke karantawa. Kalmomin nema su ne "contes fantastiques", "nouvelles fantastiques", "histoires de fantômes", ka ƙara "livre audio" idan murya kake so. Sunaye biyu sun ishe ka sanyi guda: Guy de Maupassant, wanda ya mutu a 1893, da Edgar Allan Poe na Amurka, wanda Baudelaire ya juya labaransa zuwa Faransanci tun 1856. Masu Larabci su shiga shafin Mu'assasar Hindawi, akwai littattafai kyauta masu tsabtar bugu, har da labaran yara na Kamil Kilani.

A nan ne watan Oktoba ke da amfani. Ranar 31 ga watan ake bikin Halowin a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe. Ba bikinmu ba ne, ba na kuma kiran kowa gare shi. Amma saboda shi, gidajen rediyo da ɗakunan karatu da masu karanta littafi na can sukan fito da jerin labaran ban tsoro da suka zaɓa a makonnin da ke gabansa. Sun yi maka rabin aikin tacewa. Ka kwasa a lokacin, ka ajiye sai sanyinmu ya zo.

Abin da za ka yi da su shi ne muhimmi. Kada ka tsaya gaban yara kana fassara jimla bayan jimla, barci zai kwashe su. Ka karanta labarin sau biyu kai kaɗai, ka rufe wayar, ka riƙe ƙashinsa, ka sa masa naman gida. Misali, Maupassant yana da labari mai suna Le Horla, na 1887, na mutumin da ke ajiye ruwa da madara kusa da gadonsa, ya kulle ƙofa, ya farka ya tarar an shanye, ba kowa a ɗakin sai shi. Ni da na ba da shi, mutumin ya zama mai sayen auduga da ya sauka shi kaɗai a wani gida a hanyar Gidar, kwalbar ta zama ƙwaryar nono da ya rufe da faifai ya ɗora dutse. Ban ƙara aljani ko ɗaya da ake gani ba. Shirun da ya biyo bayan "ya ɗaga faifan" ban taɓa jin irinsa a tsakar gidanmu ba. Na kuma gaya musu daga baya cewa asalin labarin na wani Bafaranshe ne, na faɗi sunansa, domin babbar cikinsu za ta haɗu da shi a lise, wato sakandare.

Namu na kusa kuwa ba su tsufa har su zama na kowa ba, don haka saye ake yi ko aro. Au Tchad sous les étoiles na Joseph Brahim Seid, na 1962, tatsuniyoyin Cadi ne gajeru. Njeddo Dewal na Amadou Hampâté Bâ labarin wata babbar mayya ce daga taskar Fulani, kuma duk yaron da ya tashi yana jin Fulatanci a unguwa zai ji shi kamar na gida. Ka tambaye su a ɗakin karatu na cibiyar Faransanci ta Alliance a Garwa ko na Institut français a Njamena.

Tacewa

Wannan mataki ba a tsallake shi ko da an gaji. Abu uku nake dubawa bayan batsa.

Na farko, kuma shi ya fi damuna, labaran da ake yi wa take da "labarin gaskiya". Za ka ji murya tana cewa a unguwa kaza ta gari kaza akwai wata tsohuwa mayya da ta kama kurwar yaro, har da hotonta. Wannan ba nishaɗi ba ne. Tatsuniya tana cewa "wani gari", "wata tsohuwa", ta kuma rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, wato ta yarda ƙirƙira ce. Wancan kuwa yana nuna mutum mai rai da yatsa. A ƙasarmu zargin maita ba wasa ba ne: sashe na 251 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 a kan sihiri, kuma kafin a kai ga kotu ma, taron jama'a kan yanke nasa hukuncin. Dokar 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet ita ma tana hukunta mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ka tuna tsohuwar uwar wani ce. Kada ka saurara da yara, kada ka tura gaba.

Na biyu, tallan bokaye. Wasu tashoshin labarin aljanu tarko ne kawai. A ƙarshe ko a ƙasan bidiyon za ka ga lambar "malam" mai raba mutum da aljani ko mai ninka kuɗi. Da ka ga lamba, ka fita, ka danna inda ake ce wa YouTube kada ya sake kawo maka tashar.

Na uku, mahaɗin da ke cewa ka danna don samun cikakken littafi, sai ya nemi lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka, ko lambar sirrin asusun kuɗinka. Babu littafin da ke buƙatar waɗannan. Wani maƙwabcinmu ya rasa WhatsApp ɗinsa ta haka, aka yi kwana biyu ana roƙon kuɗi da sunansa.

Saukewa da ajiya

Rubutu ba ya cin komai. Gajeren labari bai kai mega ɗaya ba. Murya ta awa guda, a matsakaicin inganci, wajen mega 30 ce. Bidiyo na awa guda kuwa yana iya cin ɗaruruwa. Tunda kunne ne ke aiki, idan YouTube ne ka sauke ingancin hoto zuwa 144p, muryar ba za ta lalace ba. Manyan saukewa ka bar su sai forfen dare, ko inda ka samu wifi. Kowane fayil ka sake masa suna da kanka, ka sa alamar masu shi a gaba: "yara", "matasa", "manya". Littattafan da suka zama na kowa ka raba wa 'yan'uwa ta Xender, ba sai kowa ya ƙona forfensa ba. Wanda ka saya a wurin marubuci kuwa naka ne kai kaɗai. Ka yi caji tun da rana. Ɗauke wuta ba ya hana tatsuniya, ƙara mata armashi yake yi, muddin batir na da rai.

Daren kansa

Na gwada kunna musu murya daga waya, na gwada karantawa daga allo, na gwada faɗa da ka. Ta ukun ta fi nesa ba kusa ba. Hasken allo yana jan idon yaro, sai ya bar fuskarka ya koma kan wayar. Don haka nakan rubuta ƙashin labarin a 'yar takarda, layi biyar ko shida, da waƙar idan akwai, wayar ta zauna a aljihu. Waƙar tatsuniya a littafi ba ta da kari, kai za ka sa mata, ka maimaita har yara su karɓa.

Jerin da ya yi mini aiki uku ne a dare. A buɗe da mai sauƙi, a sa mai ban tsoron a tsakiya lokacin da garwashi ya yi ja, a rufe da Gizo don a tashi da dariya. Kada a taɓa rufewa da mai tsoron. Ka riƙa kallon ƙaramin cikinsu. Idan ya daina motsi ya manne da yayarsa, ka gajarta, ka kawo mafarauci da karnukansa da wuri. Bayan "ƙurunƙus" mukan karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi tare, kowa ya shafa, sannan a watse. Goggo haka take yi.

Akwai mataki ɗaya da ban sa shi a lissafi ba da farko. A sanyin bara, wata dattijuwar maƙwabciyarmu ta jiyo ni ta katanga ina ba da tatsuniyar da na ɗauko daga littafin 1913. Da safe ta aiko a kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, ba haka take ba. Ka tsallake inda Dodo ya tambayi yarinyar sunan uwarta." Na ce, "Hajja, to a ba ni yadda take." Ta ce ai ba a tatsuniya da rana, in dawo bayan lisha. Na dawo da yara, na roƙi izininta in ɗauki muryarta, ta yarda bisa sharaɗin ba za a sa ta a intanet ba, kuma ban sa ba. Na ajiye wayar a kan tabarma kusa da gwiwarta, na rufe allon, na sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse. Ta ba da huɗu a daren, biyu da Hausa, biyu da Fulatanci. Idan za ka yi irin wannan, ka faɗi ranar da sunan tatsuniyar da bakinka a farkon ɗauka, ka kwafe fayil ɗin a wuri biyu tun washegari, ɗaya a kati, ɗaya a wayar wani ɗan'uwa. Yanzu muna da goma sha tara daga bakinta, ta kuma ce akwai ta mutanen ruwa na Binuwai da ba za ta bayar ba sai hazo ya sauko sosai.